Tsintuwar Malam Datti

A Balan, abin da ka tsinta ba naka ba ne. Ko zobe ne sai ka kai masallaci, ladan ya yi cigiya bayan salla, idan mai shi bai fito ba ka ajiye masa har shekara ta zagayo. Haka aka taso aka tarar. An yi wani mutum a nan da ya riƙe tunkiyar da ba tasa ba har ta yi jikoki, kullum yana nuna garken yana cewa na baƙo ne.

Malam Datti yana cikin waɗanda suka ɗauki wannan al'ada da gaske. Dattijo ne manomi, kakanninsa Fulani ne da suka ajiye sanda suka kama fartanya. Duk bazara yakan sa a kawo masa tifa guda ta sharar birni, a zube a gonarsa ya yi taki da ita. Sharar birni kuwa ba ta rasa abin kallo. A cikinta ya taɓa samun kan 'yar tsana mai ido ɗaya, da haƙoran roba na sama, da agogon da ba shi da hannu amma idan ka kara a kunne sai ka rantse yana numfashi. Waɗannan ya san yar da su aka yi. Amma a bazarar bana, yana baza taki, fartanyarsa ta ci karo da wani dunƙulen ƙarfe mai nauyi, girmansa kamar ƙaramin mangwaro, tsatsa da busasshiyar laka sun rufe shi ruf. Ya juya shi a hannu, ya ce wannan ba a yar da shi da gangan ba, nauyinsa ya yi yawa. Ya sa a aljihu ya kai masallaci.

Hadi ladan ya yi cigiya sau uku. Ba wanda ya fito. Maikuɗi, maƙwabcin Datti, Babarbare ne, don haka abokin wasansa ne tun suna samari, ya ce dutsen sikeli ne, Bafillace ne kawai zai ga dutsen sikeli ya zaci dukiya. Liman ya ce ko mene ne, amana ce, Datti ya riƙe.

Datti ya kai shi zaurensa ya ajiye a alkuki. Sai dai shi a wajensa riƙon amana ba ajiyewa ba ce kawai. Idan mai abu ya zo, ya kamata ya same shi fiye da yadda ya ɓace. Saboda haka kullum bayan ya karya kumallo sai ya sauko da shi, ya goge da toka da lemun tsami, ya ɗiga masa man gyaɗa a duk inda ya ga tsaga. A hankali lakar ta faɗi, tsatsar ta fara saki. Jikin ƙarfen ya fito gida-gida kamar bayan kunkuru. A gefe akwai wani siririn ƙarfe kwance, mai kama da mariƙin cokali, a wuyansa kuma ɗan zobe. Datti ya ƙara sonsa. Ya ce wanda ya ƙera wannan ya san aiki.

Sati uku yana wannan hidima, sai ɗansa na fari ya dawo.

Haruna ya yi soja shekara goma sha ɗaya, ya bari, ya sami aiki da wani kamfani a Sudan ta Kudu, inda yaƙi ya ƙare ya bar nakiyoyi a binne cikin gonakin mutane. Aikinsa tono su. Yadda ya taɓa kwatantawa, mutum yakan durƙusa tun safe sanye da rigar kariya mai nauyi da gilashi a fuska, ya wuce da wata na'ura bisa ƙasa, idan ta yi kuka ya ajiye ta, ya riƙa soka siririn tsinke a karkace, yana share ƙasa da ɗan buroshi kamar mai neman ƙwan zabo. Inda aka tsabtace a kafa farin turke, inda ba a taɓa ba a kafa ja. Wata rana faɗin tabarma biyu kawai zai gama kafin la'asar. Mutanen Balan sun ji wannan sun yi shiru, don a nan mai gama tabarma biyu a yini ba a gayyatarsa gayya.

Shekara shida yana can. Duk zuwan da ya yi, an lura ba ya yanke hanya ta cikin gona. Yana bin turbar da ƙafa ta daddage, idonsa a ƙasa, idan yana bayan wani sai ya riƙa sa ƙafarsa a sawunsa. A wannan zuwan an ƙara lura da abu ɗaya: hannunsa na dama ba ya fita daga aljihun riga. Da mahaifiyarsa Barira ta miƙa masa kwanon fura, da hagu ya karɓa. Ta bi aljihun da kallo.

Dama magana ba ta yawa tsakaninsa da iyayensa. Ɗan fari ne, kuma gidan na masu kunya ne. Tun yana shekara uku aka kai shi Toranke wajen kawunsa, can ya girma. Datti bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa ɗaukarsa ba, ko hannu ba sa yi. Idan zai yi maganarsa sai ya ce "wancan na Toranke." Idan yana gabansa sai ya ce "kai."

Ran Talata da yamma Maikuɗi ya ɗauko Haruna a babur daga tashar Gaya. Ran Laraba da hantsi Haruna ya fito daga cikin gida zai gai da mahaifinsa a zaure.

Ya tarar da Datti zaune a kan buzu, kwanon toka a gabansa, Maikuɗi yana bakin ƙofa kan benci yana ɓare gyaɗa. Haruna ya cire takalmi, ya durƙusa, ya ce, "Baba, ina kwana."

"Lafiya lau. Ya gajiyar hanya?" Datti ya amsa yana kallon bango, kamar yadda ya saba. Sai kuma ya ce, "Kai da ka yi yawon duniya, ko ka san wannan na wane inji ne? Ga zoben ma ya ƙi ni, ina gogewa sai ya zo hannuna, ƙusar ta karye."

Ya buɗe tafin hagu. Zobe ne da guntun siririyar ƙusa da tsatsa ta cinye. Ya ɗago hannun dama, dunƙulen ƙarfen yana ciki, yatsunsa huɗu sun danne mariƙin cokalin.

Haruna bai motsa ba. Ya ji hannun nan na cikin aljihu ya fara rawarsa.

"Baba," ya ce, a hankali, da muryar da yake magana da ita a filin aiki. "Kada ka buɗe hannun nan. Yadda ka riƙe, haka za ka ci gaba da riƙewa."

"Ai zan miƙo maka ne ka duba."

"Kada ka miƙo. Na gani daga nan. Gurneti ne, Baba. Ƙusar da ta karye ita ke tsare shi. Yanzu yatsunka ne kawai."

Maikuɗi ya yi dariya. "Soja, kai ma ka fara tsokanar Bafillacen nan? Bar mini shi, aikina ne."

Haruna bai juya ba. "Baba Maikuɗi, idan ƙarfen nan na gefe ya ɗaga, ba za ka gama cewa bisimilla sau biyu ba. Zauren nan da mu uku."

Gyaɗar da ke hannun Maikuɗi ta zube ƙasa. Datti ya dubi abin da ke hannunsa, ya daɗe yana dubansa, kamar wanda baƙon da ya sauka gidansa ya faɗi sunansa na gaskiya.

"Sati uku ina shafa masa mai," ya ce.

"Na ga alama."

"Ashe ban kyauta ba."

Haruna bai ce masa tsatsar nan da ya yi ta kankarewa ita ce ta riƙe komai shekara da shekaru ba. Ya ce, "Baba Maikuɗi, tashi a hankali. Kwance mini robar da kake ɗaure kaya a babur ka jefo nan. Sannan ka fitar da kowa daga gidan nan da naka da na bayanmu, a koma gindin tsamiyar makaranta. Kada a yi ihu, kada a yi gudu ta ƙofar nan. Ka kira 'yan sanda a Gaya, ka ce gurneti ne ba ƙusa, su nemo masu kwance bam daga Kano."

"Daga Kano? Ai kafin su zo an yi azahar."

"Shi ya sa nake son robar."

Maikuɗi ya jefo robar, irin wadda ake yankowa daga tsohon tub na taya. Ya tsaya a bakin ƙofa yana neman abin faɗa. Daga ƙarshe ya ce, "Kai Bafillace, ka riƙe shi kamar yadda kuke riƙe saniyar mutane." Muryarsa ba ta fita daidai ba. Ya tafi.

Zauren ya yi shiru. Daga waje ana jin takun mutane da kukan akuya da ake ja. Wani ƙadangare ya sauko bango ya tsaya daidai alkukin da babu komai a ciki yanzu, yana gyaɗa kai.

Datti yana da sanyin ƙashi. Da damina ko carbi ba ya iya ja sosai. Haruna ya san wannan, ya kuma ga yadda gaɓoɓin yatsun suka fara yin fari.

"Hannun yana ciwo?"

"Yana gaisuwa dai. Kai, ba za ka karɓa ka wurga bayan gari ba?"

"Wajen karɓa ne ake rasa shi. Kuma ban san abin da tsatsa ta yi a cikinsa ba. Ba na son ya ji motsi." Ya matso a kan gwiwa, taƙi bayan taƙi, har ya ga ɗan ramin da ƙusar ta fito. Ƙarami ne, bai fi idon tsuntsu ba. Ya sa hannun hagu ya rufe yatsun mahaifinsa ta waje. Datti ya ɗan zabura, ba don gurnetin ba.

"Ina buƙatar abu siriri mai ƙarfi," in ji Haruna. Ya duba zauren. Tsinken tsintsiya zai karye. Ƙusar da ke bango ta yi kauri.

"Basilla za ta yi?"

Muryar Barira ce, daga ƙofar cikin gida. Ba ta tafi ba.

"Dada, na ce kowa ya fita."

"Kowa ya fita. Basilla za ta yi ko ba za ta yi ba?"

"Za ta yi."

Ta shigo da babbar allurar da take ɗinke buhunan gero, da sauran jan zare a hancinta. Ta ajiye a kan buzu. Ta dubi mijinta ta ce, "Malam, ban ce maka abin nan ba ya kama da abin arziki ba?"

"Kin ce ƙasan turmi ne."

"To, na dai ce wani abu."

"Dada, don Allah," in ji Haruna. "Idan kina nan hankalina zai rabu biyu."

Ta fita. Ya ji takunta ya tsaya a bayan katanga, bai yi nisa ba. Ya san iyakar abin da zai samu ke nan.

Sai ya fito da hannun dama daga aljihu.

Hannun yana rawa kamar ganyen rogo a iska. Wata huɗu ke nan. Wani abokin aikinsa da ke layin kusa da nasa ya soka tsinke inda ruwan sama ya juya nakiya ta kwanta a gefe, ta tashi da shi, Haruna ne ya fara isa wajensa. Tun daga ranar, da zarar ya kama wani abu siriri sai hannun ya ƙi. Likitan kamfani ya ce ya tafi gida ya huta, idan ya dawo a gwada shi. Bai gaya wa kowa ba.

Ya ɗauki basillar. Bakinta ya riƙa zagaye a iska. Ya kai ta wajen ramin, ta goce ta daki jikin ƙarfen, ta yi ɗan ƙara. Su biyun suka riƙe numfashi. Ya janye, ya goge tafin a gwiwa, ya sake. Ta sake gocewa, wannan karon ta soki babban yatsan Datti. Jini ya ɗan tsatso. Datti bai motsa ba.

"Yi haƙuri, Baba."

"Ƙaramin yatsana ya mutu," in ji Datti, kamar mai ba da labarin gonar wani. "Na kusa da shi ma ba na jinsa sosai."

Haruna ya ƙara matse hannun hagu a kan yatsun. Gumi ya gangaro ya shiga idonsa. A can filin aiki akwai doka: idan hannunka bai natsu ba, ka kafa jan turke, ka ja da baya, wani ya zo. Ya dubi zauren. Babu jan turke, babu wani.

"Kai," in ji Datti. "Tashi ka fita. Ka ja uwarka ku yi nisa. Ni na ga shekaru."

"Ba zan fita ba."

"Magana nake maka."

"Na ji, Baba. Ba zan fita ba."

Tun da aka haife shi bai taɓa mayar wa mahaifinsa magana ba. Datti ya juyo ya dube shi a fuska, abin da shi ma bai saba ba. Ya ga furfura a gemun yaron, ya yi mamaki. Sannan ya dubi hannun da ke rawa. Ya ajiye zoben da ke tafinsa na hagu a kan buzu, ya miƙa hannun ya kama wuyan hannun Haruna, ya riƙe tamau, yadda malami ke riƙe hannun yaro ranar da zai fara rubutu a allo.

Hannun manomi ne, busasshe, mai kaushi kamar bawon kuka. Rawar ba ta tsaya duka ba. Ta dai koma can cikin damtse, ta bar yatsun.

"Ina ramin?" in ji Datti. "Idona ba ya gani. Kai ka nuna, ni in riƙe."

"Ƙasa kaɗan. Dama. Tsaya nan."

Bakin basillar ya shiga. Ya tafi rabin gaɓa ya cije.

"Ramin ciki bai daidaita ba. Baba, matse hannun dama kaɗan."

"Ba sauran abin matsewa."

"Kaɗan kawai. Tare za mu yi."

Haruna ya danna da hagu a kan yatsun da suka mutu. Datti ya rufe ido, leɓɓansa suna motsi. Wani abu ya ɗan saki a cikin ƙarfen, basillar ta zarce ta fito ta ɗaya gefen, jan zaren yana lilo a bayanta.

Haruna ya ɗauki robar, ya cusa ta ƙarƙashin yatsun mahaifinsa, ya naɗe mariƙin da jikin ƙarfen, zagaye bayan zagaye, har robar ta ƙare, ya ɗaure. Sannan ya ce, "Yanzu saki."

Yatsun suka ƙi buɗewa. Sai da ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ɓare ɗanyar masara. Ya kwantar da gurnetin a cikin kwanon tokar, a hankali, ya bar shi nan inda yake. Tafin Datti ya fito da zanen gida-gida.

Haruna ya tallafi tsohon suka fita ta cikin gida. Barira tana jingine da katanga, ta toshe baki da gefen mayafi. Haruna ya ciro jan ɗankwalin da ke kan igiyar shanya, ya ɗaura a sanda, ya kafa a ƙofar zauren.

Masu kwance bam sun iso bayan azahar. Suka shiga da kayansu, suka fito da abin a cikin wani akwati mai kauri, suka kai tsohon kududdufin da ya ƙafe a bayan gari, suka jera buhunan ƙasa. Mutanen gari suna gindin tsamiya. Da suka fasa shi ƙarar ta tashi, duk balbelun da ke kan tsamiyar suka tashi lokaci ɗaya, suka yi ta zagaye ba su san inda za su sauka ba. Wani tsohon jaki da aka ce kurma ne ya tsinke igiya.

Babban jami'in ya tsaya ya yi wa jama'a bayani cewa duk ƙarfen da ba a gane ba, kada a taɓa, kada a kai masallaci, a sa alama a kira su. Hadi ladan ya ce zai faɗa bayan kowace salla har sati. Maikuɗi, da murya ta dawo masa, ya ce ai shi abin da ya dame shi ɗaya ne: idan mai kaya ya zo neman kayansa, me Bafillace zai ce?

"Sai in ce ya zo," in ji Datti. "Ina da tambayoyi."

Da la'asar ta yi sanyi suka koma gida. Datti bai shiga zauren ba, ya sa an shimfiɗa masa buzu a tsakar gida. Barira tana shafa masa man zafi a yatsu, tana mitar basillarta da aka tafi da ita, wai ta fi shekara ashirin a hannunta. Haruna yana zaune nesa kaɗan a kan turmi. Hannunsa na dama yana kan gwiwa, a fili, yana ɗan motsi.

"Tun yaushe?" in ji Datti, yana kallon rumbu.

"Wata huɗu."

"Sun sani a can?"

"Sun sani. Sun ce in na koma za su gwada ni."

Datti ya dubi hannunsa. Ya buɗe tafinsa ya rufe, ya sake buɗewa. Zanen bai gama gogewa ba.

"Kullum haka aikin yake?"

"Ba kullum ba. Yawanci gwangwani ne ko ƙusa. Amma kowanne sai ka ɗauka shi ne."

"Shekara shida."

"Shida."

Aka kira salla daga masallaci. Datti ya yunƙura zai ɗauki buta, yatsun suka kasa kama ta. Ya dubi butar, ya dubi bango, ya gyara murya sau biyu.

"Haruna," ya ce. "Zo ka zuba mini ruwan nan."

Barira ta sunkuyar da kai, ta shiga rufe kwalbar man zafi da ta riga ta rufe. Haruna ya tashi, ya ɗauki butar da hannun dama. Ruwan ya zubo a karkace, rabi a hannun tsohon, rabi a ƙasa. Datti ya tara tafinsa yana bin ruwan duk inda ya yi.